Ta Kai Ƙarar Motar Babanta

Da la'asar tana goge gilashin kemis ɗin da take aiki, sai ta ji kukan taya. Wata shuɗiyar mota ce ta shigo layin a guje, tana yin hagu tana yin dama. Nan take ranta ya ɓaci. Samari sun mai da titin nan filin wasa, ko wata biyu ba a yi ba da ɗayansu ya karya wa wata tsohuwa ƙafa a gaban idonta. Bayan haka ne aka kafa doka: motar da aka kama da tuƙin ganganci za ta yi kwana talatin a tsare, direban kuma yana iya rasa lasisinsa na shekara guda. An buɗe shafin da kowa zai tura bidiyo ba tare da an bayyana sunansa ba.

Ta zaro waya ta fara ɗauka. Motar ta wuce masu jiran bas da ƙyar, ta je ta kafe a tulin yashin masu gini. Shafin ba ya karɓar abin da ya wuce sakan goma sha biyar, don haka ta yanki farkon, inda lambar motar ta fito sarai, ta tura.

Direban ya fito, dogo ne, rigarsa duk baƙin mai. Ya tsallako wurinta.

"Baiwar Allah, ko zan samu ruwa?"

"Ruwa kake so ko maganin hankali?"

Ya dube ta, ya dubi wayar da ke hannunta, ya yi murmushi irin na wanda ya gaji. "A fara da ruwan. Ɗayan na san ya fi ƙarfina."

Ta miƙa masa tana harararsa, amma har ta tashi aiki murmushin nan bai bar ta ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Tana shiga gida ta tarar da Baba yana faɗa, Umma na ba shi haƙuri. An kama motarsa. Ita dai ta san motar Baba ruwan toka ce tun tana firamare. Ashe ya kai ta an yi mata shuɗin fenti a ɓoye don ya burge Umma, bakanikensa ne yake dawo da ita daga wurin mai fenti. Lambar kuwa, tsakani da Allah, wa ke haddace lambar motar ubansa?

"Mutum biyu ba zan yafe wa ba," in ji Baba. "Yaron da ya yi wasa da motata, da munafukin da ya ɗauke ta hoto."

Ta cusa wayarta cikin jaka. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki.

Baba ba ya iya tsayuwa a layi saboda gwiwa, sai ya ɗora mata bin takardu a ofishin da ake tsare motoci. Ranar farko ta tarar da bakaniken a can, riƙe da nasa fayil. Ya matsa mata a benci.

"Likita, ke ce 'yar Baba?"

"Ni ba likita ba ce."

"Ni ma ba injiniya ba ne, amma idan aka kira ni haka ina amsawa."

Taga ta ɗaya ta tura su ta huɗu, ta huɗu ta ce su dawo Laraba. Suka dawo Laraba, aka ce Litinin. A kan bencin nan ta ji cewa shi ke riƙe da mahaifiyarsa, kuma rabin aikinsa gwada mota ne a titi, idan babu lasisi babu gareji. Ta tambaye shi abin da ya faru ranar. Ya ce birki ne ya tsinke, ya faɗa wa jami'ai, sun nuna masa bidiyon suka ce kowa haka yake cewa.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Likitata, kin isa gida lafiya? Ni dai ban taɓa jin daɗin zaman layi ba sai yau. Allah ya sa Litinin ma su ce mu dawo."

Ta rubuta: "Injiniya, akwai abin da nake so in faɗa maka." Ta goge. Ta rubuta: "Na isa. Ka ci abinci." Ta tura.

Kanta ya ɗaure. Shin sonsa take yi, ko tausayinsa, ko kuwa laifinta ne ke cin ta? Idan ta gan shi zuciyarta ta yi sanyi, idan ta tuna abin da ta yi masa sai kunya ta kama ta. Ta yi kuskure ne ma? Abin da ta gani ai shi ta tura. To me ya sa take kasa kallon idonsa?

Ana cikin haka ɗan abokin Baba, wanda ya daɗe yana zarya a kanta, ya zo da jar motarsa ya yi alkawarin fito da ta Baba cikin kwana biyu, wai ya san manya. Kwana biyu suka zama goma. Sai dai ya kawo wa Baba labarin cewa ana ganin 'yarsa da bakanike a benci ɗaya suna dariya.

Baba ya yi tsalle ya dire. "Duk mazan duniya ki rasa wanda za ki so sai wanda ya mai da motata abin wasa? Kada ya kuskura ya tako mini ƙofa."

Saura kwana biyu hukuma ta zauna kan maganar lasisin bakaniken, ta ɗauko wayar da niyyar goge bidiyon ta huta. Ba ta taɓa kallonsa gaba ɗaya ba. A kemis janareta ke ruri ranar, ba ta ji komai ba sai taya. Yanzu a ɗaki shiru, ta ƙara murya. Bayan sakan goma sha biyar ɗin da ta yanka ta tura, ga kansa ya leƙo ta taga yana ihu: "Ku kauce! Babu birki! Ku kauce!" Ga shi ya karkatar da motar daga kan masu jiran bas ya nufi yashi da gangan.

Ta zauna a ƙasa. Abin da zai cece shi yana hannunta, amma duk wanda ya ga bidiyon zai san wa ya ɗauka. Za ta iya rasa shi, ta rasa fuskar Baba, duk a rana ɗaya.

Da safe ta durƙusa gaban Baba ta miƙa masa wayar. Ya kalla sau biyu. Ya cire tabarau ya goge.

"A ina kika samu wannan?"

"Baba, ni ce munafukin."

Umma ta toshe baki da mayafi, ba a san ko kuka take ɓoyewa ko dariya ba. Baba ya mayar da tabarau a idonsa. Daga baya ya yi magana a hankali.

"Sau uku yaron nan yana ce mini a canza bututun birki. Na ce a fara yin fenti. Kuma bai faɗa wa hukuma ba, ko?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"Ɗauko mini sandata."

Da gwiwar tasa ya hau matakalar ofishin, ya nuna musu cikakken bidiyon, ya faɗi nasa laifin da bakinsa. Bakaniken ma ya ce shi da ya san halin birkin bai kamata ya hau titi ba. Aka soke zargin ganganci, aka ja musu kunne su biyun, aka ce motar ba za ta fita ba sai an gyara ta a nan cikin harabar.

A waje ta tsaya nesa da shi, ta kasa ɗaga kai. Waya ta yi ƙara a hannunta.

"Likitata, tun ranar da na roƙe ki ruwa na ga shafin a buɗe a wayarki. Ban dai san muryata ta shiga ba. Na yi shiru ne don ina tsoron ki daina zuwa benci."

Ta ɗago, yana tsaye taku biyar daga ita. Kwana ashirin da takwas tana fama da ciwon kai a kan sirrin da mai shi ya riga ya sani. Ta rasa ko ta yi fushi ko ta yi kuka, sai ta yi duka biyun, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri kamar shi ya kai ta ƙara.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. A shuɗiyar motar aka kai amarya, ango ke tuƙi, a hankali har masu keke na wuce su. Kafin su tashi Baba ya leƙo ta taga ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Amma ka tuƙa a hankali, ɗana. Wadda ke gefenka ko ubanta ba ta ƙyale ba."