Takalman da Ke Rataye a Bakin Ƙofa

Rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu, dusar ƙanƙara na ta zuba, ko iska babu. Ovila ya je duba tarkon zomo a bayan tafki, da ya juyo sai ya tarar sawunsa ya rufe. Yatsunsa sun sandare don sanyi har sun daina ciwo, ya kuma san in bai kai gida ba, ba zai ga safiya ba.

Sai ya ji takun faffaɗan takalmin ƙanƙara, irin saƙaƙƙen nan mai wutsiya da ake ɗaurawa a ƙafa don kada a nutse. Wani mutum ne a gabansa, ya ba shi baya, murya a shaƙe.

"Kai malalaci, nan za ka kwana? Taka inda na taka."

"Bawan Allah, ina muka nufa?"

"Kai dai da tambaya! Ɗaga ƙafa, ka daina jan ta kamar tsohuwa."

Ovila ya bi. Mutumin na fasa masa hanya, ba ya haki, numfashinsa kuma ba ya hayaƙi a wannan sanyi. Sawunsa na hagu guntu ne, wutsiyar takalmin ta karye.

Da Ovila ya hango gida sai ya ga shi kaɗai ne. Sawun ya ƙare a bakin ƙofa, inda takalman wansa Remi suke rataye tun rasuwarsa bara. Na hagun mai guntuwar wutsiya ne. Sabuwar ƙanƙara ta cika saƙarsu, igiya ɗaya ta kwance.

Ovila ya karkaɗe su a hankali, ya ɗaure igiyar, ya mayar da su kan ƙusa.