Tumatirin Bokitin Fenti

"Hajiya, don Allah ki bari!"

Rukayyat ba ta san lokacin da maganar ta kuɓuce mata ba. Hajiya Murja, mahaifiyar saurayinta Abdulmajeed, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta sunkuya kan bokitan fenti goma da ke jere a tsakar gida, tana tsinke ƙananan rassan tumatiri da farce tana watsarwa.

Wata biyu Rukayyat tana rainon su. A unguwarsu Mpape duk inda ka haƙa dutse ne, sai da ta sayo ƙasa buhu-buhu, ta huda gindin bokitan da ƙusa mai zafi, ta gauraya da busasshen kashin kaji. Duk wahalar nan saboda magana ɗaya ce da aka kawo mata: wai Hajiya, wadda ke da gona a Bwari, ta ce ɗanta ba zai auri 'yar ofis da ko albasa ba ta taɓa dasawa ba.

Bokiti takwas Hajiya ta yi wa aski, ta karkaɗe hannu ta tafi. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Kafin la'asar Nazeefa ta bugo waya, 'yar ƙanin Hajiya da ta daɗe da ɗora ido kan Abdulmajeed.

"Ayya Rukky, sorry fa... A gidanmu haka ake sallamar mutum, ba sai an faɗa da baki ba."

Da yamma Abdulmajeed ya iso yana haki, don hawan Mpape ba wasa ba ne.

"Rukky tawa, ki saurare ni..."

"Ka tambaye ta dalili?"

"Na tambaya. Cewa ta yi ba da ni take ba."

"To ni ma ba da kai nake ba! Je ka auri wadda ta iya noma!"

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita, ta sha kukanta. Tana son sa kamar ranta, amma Rukayyat akwai zuciya.

Sati shida ba ta ɗaga wayarsa ba. Ban ruwa kam ba ta fasa ba, ai ba tumatirin ne ya yi mata laifi ba. Sai ga abin mamaki. Biyun da Hajiya ba ta taɓa ba ganye suka tara, 'ya'yansu ƙanana kamar gauta. Takwas ɗin kuwa suka zubo manya jajaye, har sai da ta tokare su da sanduna.

Ranar Asabar da safe ta cika babbar roba da tumatirin, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta nufi Bwari. Ta tarar da Hajiya a tabarma, Nazeefa a gefe, Abdulmajeed duk ya rame.

Hajiya ta ɗauki guda ta jinjina a tafin hannunta.

"Kin ci gaba da ba su ruwa?"

"Kullum, Hajiya."

"Da fushin?"

"Da fushin."

Hajiya ta yi dariya har da buga cinya.

"Rassan da na cire ɓarayi ne, su ke shanye abincin 'ya'yan. Biyun na bar miki ne ki gani da idonki, don na lura ke ba a gaya miki magana. Yarinya, shekara talatin ina noma, ban taɓa sa hannu a shukar bare ba."

Nazeefa ta miƙe wai za ta duba girki.

Daɗi ya cika Rukayyat har idonta ya kawo ruwa. Ta saci kallon Abdulmajeed, ya motsa baki a hankali, "Rukky tawa..."

"Kai kuma rufe baki," in ji Hajiya. "Ka gaya wa baffanninka su shirya, mako mai zuwa za su hau Mpape neman aure."

Rukayyat ta ja mayafi ta rufe fuska, amma bakinta ya ƙi yin shiru.

"Hajiya... a ce su zo da yunwa. Da tumatirina za a yi miyar."