Muryar Kaka a Faifan Garmaho

"Me ya kai ka kunna faifan nan a gaban Baba?!" Auta ta faɗa.

Mai Faifai ya sunkuyar da kai. Haka ake kiransa a gidan rediyo, don shi ke kula da ɗakin tsofaffin faifan garmaho, yana goge su, yana kwafe waƙoƙin kafin su lalace.

"Wallahi masoyiyata, na zaci murna zai yi. Muryar mahaifiyarsa ce fa! Kusan shekara saba'in faifan nan na kwance, sunan makaɗinta kaɗai aka rubuta a jiki. Ba don waƙar da kike yawan rerawa ba, wadda kika ce Kaka ta koya miki, da ban taɓa ganewa ba..."

"Baba ya tashi ana tsokanarsa da ɗan zabiya mai waƙa, shi ya sa ko mu bai taɓa gaya mana ba." Ta share hawaye. "Ya ce muddin sunanta ya fita a rediyo, ka ɗauke ƙafarka daga gidanmu. Maganar aurenmu ta mutu."

"Auta... ranar Lahadi za a sa shirin. Mata goma sha ɗaya na tono, duk na samo sunayensu. Ita ce ta sha biyu."

"Na sani."

"To ya kike so in yi?"

Ta girgiza kai.

"Ban sani ba... Ni dai ba zan iya rabuwa da kai ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ciro katin bayanin faifan daga aljihu, ya soke layi ɗaya da biro.

Ranar Lahadi da la'asar, Auta na yi wa Kaka tsifa a ɗakinta, rediyo na kan taga. Shekara uku ke nan Kaka ba ta gane mutane, har Baba takan tambaya ko baƙo ne.

Allurar garmaho ta ɗan yi ƙara a rediyon, sai muryar wata budurwa ta cika ɗakin. Yatsun Kaka suka fara buga gwiwarta, leɓunanta na bin baitin ba kuskure.

"Ke mai muryar agwagwa, saurara ki koya!" ta ce da Auta tana dariya.

Waƙa ta ƙare. Muryar Mai Faifai ta fito: "Wannan mawaƙiya... ba a san sunanta ba."

Dariyar Kaka ta tsaya.

"Allah sarki, yarinyar nan... Ba ta da kowa ne?"

Baba na tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Auta ta kafa masa ido tana jira. Sai ya juya ya fita.

"Tana da su, Kaka," Auta ta ce, hawaye na ɗiga a kan furfurar. "Tana da su..."