Sunayen da Barau Ya Shafe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, ku rage murya.

A wani birni na bakin teku, can Amurka, akwai wani gidan bene na katako. Mutanen ƙasar Norwe ta Turai ne suka gina shi, yau sama da shekara ɗari, masunta da masu saran itace da suka baro ƙasarsu. Ba su da inda za su ji harshensu, sai suka haɗa hannu, kowa ya ɗauko gungumensa. A ƙasa suke cin abinci su yi rawa. A sama suke karatun littattafai da waƙa. Duk wanda ya rasu a cikinsu, sai a rubuta sunansa da jan fenti a bangon ɗakin sama.

Jikoki suka manta harshen, gidan ya yi tsit. Daga baya Hausawan birnin suka karɓe shi don taron suna da na Sallah, suka ɗora Barau kafinta, mutumin Ƙauran Namoda, a kan kula da shi.

Ranar da tsohuwa Sigiri, wadda ita kaɗai ta rage cikin zuriyar masu gidan, ta miƙa masa makulli, abu ɗaya ta roƙa.

"Ɗana, bangon nan na sama, ka bar shi yadda yake."

"Amana ce, Iya," in ji Barau. "Ba mai taɓa shi."

Sallah ta matso. Alhaji Tanimu, shugaban Hausawan, ya hau sama ya yamutse fuska.

"Haba Barau! Baƙi su zo su tarar da bango kamar allon makaranta? Wa ma ya iya karanta wannan?"

Barau ya ɗauko burushi. Nauyin Alhaji ya ji. Ya shafa farin fenti har sau biyu.

Bayan la'asar yana wanke burushi, sai ya ji ƙarnin kifi. Ya waiwaya. Wani tsoho na zaune yana kallon bangon. Ruwa na ɗiga daga rigarsa, amma daɓen a bushe yake. Takalmansa ba su taɓa ƙasa ba.

"Sannu da aiki, kafinta."

Hausa ce tsantsa. Sai dai bakin ya rufe kafin muryar ta iso.

"Baba, ta ina ka shigo?"

"Ban taɓa fita ba. Mu arba'in da uku ne a nan. Ina ka kai mu?"

Barau ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, kujera ce kawai.

Ranar Sallah, Alhaji Tanimu ya kira shi. "Kai, wane, miƙo tabarma." Abokan Barau ma haka, sai su dube shi su yi ta ƙyasta yatsu, sunansa ya ɓace musu. A gida bai lura ba, don matarsa dama ba ta kama sunansa. Sai da ya buga wa mahaifiyarsa waya.

"Inna, barka da Sallah."

"Muryar nan kamar na san ta. Wa ke magana?"

"Barau ne, Inna."

"Wa?"

Ya faɗa sau uku. Sunan bai zauna a kunnenta ba.

Washegari ya ɗauki reza ya hau sama. Kwana tara yana kankare fenti a hankali, har yatsunsa suka fashe. Sunaye arba'in da biyu suka fito. Ɗaya, kusa da taga, ya bi fentin ya zube.

Ƙarnin kifi ya dawo.

"Wannan nawa ne," in ji tsohon.

"Faɗa mini, Baba, in mayar."

"Da ina iya riƙe shi, me zai sa a rubuta a bango?"

Ba yadda zai yi. Barau ya nemi Iya Sigiri a gidan da ake kula da tsofaffi. Ya cire hula, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya aikata, bai ambaci Alhaji ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta rufe ido ta fara jero sunayen kamar yadda aka koya mata tana ƙarama, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na kusa da taga, ta tsaya.

"Halbo. Kawuna ne. Teku ta cinye shi, ba a sami gawarsa ba. Bangon nan shi ne kabarinsa."

Ta kama hannun Barau ta rubuta masa sunan a tafi.

Ya koma ya mayar da shi da jan fenti. Yana gama harafin ƙarshe, ya ji takalmi ya dira a daɓe a bayansa. Taku ɗaya, biyu, ya sauka matakala. Barau bai waiwaya ba.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Barau! Ɗan albarka, shi ne Sallah ta wuce ko ka kira ni?"

Ya jingina goshi da bango. "Ki yafe mini, Inna," kawai ya iya cewa.

In Allah ya kai ku gidan nan, kada ku hau sama ku kaɗai. In kuma kun hau, ku yi sallama, ko da ba ku ga kowa ba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami.