Turken da Aka Bari a Idon Ruwa

Rana ta jingina da duwatsu, iska ta kwanta, Tsermaa tana tatsar awaki a bayan ger ɗinta, zagayayyen ɗakin nan na gashin tumaki. Tun rasuwar mijinta ita da 'yarta Udval ke riƙe da bakin kwarin, kuma ba a taɓa jin ta roƙi kowa komai ba.

Dutsen farko tsakiyar garke ya faɗo. Na biyu ya fasa bokitin madara tsakanin ƙafafunta. Ta ɗaga kai, fili fayau har iyakar gani, babu mahaluki. Na uku ya sami karensu a ka, ko ƙara bai yi ba. Ta ɗauki dutsen ta juya shi. A jiƙe yake, da gansakuka, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba.

Wuri ɗaya ake samun irinsa: idon ruwan ƙarƙashin jan dutse, inda ko makiyayi ba ya sauke sirdi. Kwanakin baya wasu 'yan birni sun zo da mota, suna neman inda za su kafa tanti, kusa da ruwa, inda iska ba ta kaiwa. Tsermaa tana wajen kiwo, Udval ce ta raka su.

"Udval, ina kika kai baƙin nan?"

Udval ta fito riƙe da guduma da turken ɗaure doki. Ba ta dubi uwarta ba. Ta danne akuyar da ake tatsa da gwiwa, ta kafa mata turken a gadon baya, ta buga har ya nutse. Sai ta zare shi ta ɗora a kan cinyar kanta, ta ɗaga gudumar. Tsermaa ta afka mata. Suka yi birgima cikin madara da jini, gudumar ta cire wa uwar haƙora biyu, kafin ta samu ta ɗaure 'yar a ƙafar keken shanu da igiyar gashin doki.

Washegari da la'asar maƙwabci ya ɗauko Lama Choijil a bayan babur, tsoho mai ilimi wanda ya san hanyar magana da iskoki, masu ƙasa da masu ruwa. Ya kunna turare, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe kwarin. Kan Udval ya ɗago. Muryar da ta fito ta tsoho ce, kamar ruwa na gudu a cikin maƙogwaro.

"Sun kafa mini ƙarfe a baya. Sun wanke wuƙar yanka a bakina. Da za su tafi ba su cike ramukan ba, turke ɗaya ma yana jikina har yanzu. Wannan ce ta nuna musu hanya. Da ita zan tafi."

"Mai ruwa, za a saki farar akuya da sunanka," in ji Lama. "Ba mai yanka ta, ba mai aske ta."

Igiyar ta yi ƙara. Jini ya ɓalle daga hancin Udval.

Tsermaa ta tofar da jinin bakinta, ta matso ta tsuguna gaban Udval, ta fuskanci mai muryar kamar a kasuwar ulu.

"Kai tsoho, in ka ɗauke ta, wa zai zare maka turken? Lama ba ya iya tsugunno. 'Yan birni kuwa sun manta da kai."

Muryar ta sake fitowa.

"Duk hannun da ya zare shi ya zama nawa. Hannu biyu, nata."

"Nata ko haihuwa bai karɓa ba, me za ka ci a ciki? Nawa ya binne miji, ya fitar da garke daga ƙanƙara. Ɗaya ya fi nata biyu."

"Na dama."

"Na hagu. Da na dama zan cike maka ramukan, ko kana so a bar ka a buɗe?"

Lama ya yi ƙasa da murya. "Baiwar Allah, ba a ja-in-ja da su."

"Shi ya fara taya."

Muryar ta ja dogon numfashi. "Hagu."

Suka kwanto Udval daga keken, suka ɗora ta kan doki a ɗaure. A bakin idon ruwan ciyawa ta kwanta inda tantin ya zauna, ruwan ya yi ja. Tsermaa ta lalubo kan turken a gindin dutse. Ta naɗe hannun riga, ta kama da hagu, ta ja. Ƙarfen ya fito da tsotso kamar an zare ƙafa daga laka. Nan take wani falalen dutse ya zamo daga sama ya kwanta a kan hannun. Lama ya ji ƙarar ƙasusuwan daga inda yake tsaye.

Ba ta yi ihu ba. Tana durƙushe, hannu ɗaya a danne, ta jawo ƙasa da dama ta cike ramin, ta daddaɓe.

Daga kan dokin murya ta taso, siririya, a gajiye.

"Inna, wa ya ɗaure ni?"

"Ni ce," in ji Tsermaa. "Lama, kwance ta. Ku zo ku ɗaga mini wannan abin, akwai sauran ramuka."