Muryar Inna a Ɗakin Baba

Kwanon abinci ya fito daga ɗakin Baba yadda ya shiga, ko cokali ɗaya bai ragu ba. Auta ya ajiye shi a kan tabarma, ya zauna ya dafe kai.

"Yau ma?" in ji matarsa.

"Yau ma. Wai ba haka Inna take kawo masa ba."

Wata biyu ke nan da rasuwar Inna. Idon Baba ya daɗe da tafiya, duniyarsa ta koma ta kunne. Shekara hamsin Inna ke tura ƙofar nan da ƙafa, ta dire kwano ta ce, "Malam, tashi ka ci, ba zan ɗumama sau biyu ba!" Tun da muryar ta ɗauke, sai ya juya fuska ga bango, yana ƙarewa a hankali kamar sabulu a cikin ruwa. 'Ya'yansa suka yanke cewa hankalinsa ne ya taɓu.

Matar Auta kuwa, tun tana ƙarama ake ce mata Aku, don babu muryar da za ta ji ta kasa kwaikwaya. Daga wasan makaranta ta hau dandali, daga dandali situdiyo ta ɗauke ta. Ita ce tsohuwa mai masifa a wasan rediyo, ita ce zomon katun ɗin da yara ke so. Dangin Auta sun haɗiyi aurenta kamar magani mai ɗaci. "'Yar wasa," haka suke cewa, su taɓe baki, alhali in wasanta ya zo su ke ƙara wa rediyo murya!

Washegari da azahar, Auta na shagonsa na gyaran waya, Aku ta ɗauki kwanon ta tsaya a ƙofar Baba. Takan ce murya ba a maƙogwaro take ba, a numfashi take. Inna tana jan numfashi a tsakiyar magana, ta ƙarasa da ɗan tsaki. Aku ta rufe ido, ta ce Allah Ka yafe mini, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Malam, tashi ka ci... ba zan ɗumama sau biyu ba. Don Allah."

Can tsohon ya juyo ya miƙo hannu, ya cinye tas. Ta fito tsakar gida ta toshe baki da gyale ta yi kuka.

Haka ta yi ta yi kullum. Da azahar ta yi, sai ta bar rihasal, wato gwajin wasan dandali, ta hau mota ta zo gida. Ba ta gaya wa Auta ba, don har lokacin ko takalmin Inna ya gani sai ya fita waje. Shi dai ya ga Baba na mayar da jiki, ya yi ta godiya ga Allah.

Ran nan Yaya Babba, babbar 'yar Baba, ta zo ba sanarwa. Tana shiga tsakar gida ta ji muryar uwarta daga ɗaki. Jakarta ta faɗi. Ta banka ƙofa, ta ga Aku durƙushe da kwano.

"Innalillahi! Ke! Uwar tawa kika mayar wasan kwaikwayo?"

"Yaya, ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Kin gama da mutanen gari, yanzu matattunmu kika koma wa?" Ta jawo ta waje, ta buga wa Auta waya. Ya zo a guje, ko shagon bai rufe ba.

"Gaskiya ne kin yi muryar Inna?"

"Na yi. Ba ya ci ne, shi ya sa..."

"Inna fa, Aku! Ko Inna ba ki bari ba?" in ji shi. "To ni wace murya kike yi mini? In kin ce kina sona, ke ce ko aiki ne?"

Kai, jama'a! Mace ta ciyar da ubanka wata guda, wannan ce tambayarka? Baba na ta kira daga ɗaki, "Ku zo ku ji, ku zo mana," amma babu wanda ya leƙa. Ai sun riga sun ce ba shi da hankali.

"Ko ita ko mu," in ji Yaya Babba.

Auta ya sunkuyar da kai ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Aku ta wanke kwanon Baba, ta kife shi, ta fita.

Kwana uku Yaya Babba na dafawa, kwano na dawowa cike. Ta lallashi tsohon, ta yi kuka, ta ce ga likita za a kira. Abu ɗaya yake faɗa: "Ku dawo mini da ita." Ita kuwa sai ta fito ta ce, "Ka ji ko? Inna yake nema. 'Yar wasan nan ta ƙarasa rikita shi."

A rana ta huɗu Auta ya ga hannun Baba ya kasa riƙe kofi. Ya tashi ya nufi situdiyo, wurin da bai taɓa takawa ba. Ta bayan gilashi ya hango Aku, hedifon a kunne, tana yi wa zomo dariyar da za ta sa yara birgima, idanunta kuwa sun kumbura sun yi jajir. Darakta ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mijin? Shekara shida tana jiran babban rol, ta zama jarumar wasa a dandali. Na ba ta, ta dinga guduwa da azahar, na karɓe na ba wata. Ko dalili ta ƙi faɗa mini."

Da ta fito, Auta ya tare ta. "Sori, Aku. Wallahi sori. Baba ya ƙi ci."

"Sori ɗinka riƙe shi tukuna, Baba ne a gaba," ta ce. "Zan je. Amma da muryata zan shiga. Na gaji da ɓuya."

Yaya Babba na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, Aku ta ratsa ta gefenta ta durƙusa gaban gadon.

"Baba, ni ce matar Auta. Ni ce nake yi maka muryar Inna. Ka yafe mini."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Yo ai na sani, 'yata. Tun ranar farko."

"Ka sani?"

"Shekara hamsin matar nan tana ba ni abinci, ba ta taɓa ce mini don Allah ba!" Ya lalubo hannunta. "Makaho ne ni, ba mahaukaci ba. Na san inda ta tafi. Kowa ya shigo yana yi mini magana kamar gawa, ke kaɗai kika lura da abin da na rasa. Da na ji kin tura ƙofa da ƙafa, na ce yarinyar da ta kula har da wannan, ba zan mayar mata da kwano ba." Ya ɗaga murya. "Ku kuma na yi ta kira, kuka ƙi zuwa. Auta, ashe haka na haife ka?"

Auta ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Aku ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce masa, "Tambayar da ka yi mini rannan: muryar da nake yi maka ita kaɗai ce ban koya a wurin kowa ba."

Baba ya ƙara wata bakwai, bai sake kwana da yunwa ba. Ya rasu wata safiya, rana na shigowa ta taga tana kwanciya a kan hannunsa. Har yau ba a iya zama a ɗakin nan da azahar.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Yaya Babba ta sami Aku a kicin tana wanke-wanke. Ta daɗe tana murza bakin gyale.

"Ƙanwata... in Inna za ta kira ni, takan ce 'Ke babbar banza, zo nan.' Sau ɗaya kawai. Don Allah."

Aku ta goge hannu, ta rufe ido, ta ja numfashi. Kafin ta kai ga tsakin, Yaya Babba ta faɗa jikinta.

To, 'yan'uwa, kada ku yanke wa mutum hukunci da sunan sana'arsa, ku dubi abin da ya yi da ita. Kuma in tsoho yana kira daga ɗaki, ku shiga ku ji.