Shaidar Asta

Asta na kwashe tuwo, ana kiran magariba a unguwar Ajiya, dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinta. Na biyu ya biyo. Ta leƙa waje, ba kowa.

Ɗakin nan mijinta Hamman ya gina da hannunsa a filin wani dattijo, Bappayo, bisa alkawarin iyalinsa za su zauna muddin ransu. Da baki aka yi, don a Jimeta ta lokacin neman takarda wurin dattijo rashin kunya ne. Hamman bai cika shekara a kabari ba Bappayo ya ce haya ce, Asta ta tashi. Alƙali ya ba ta kwana bakwai ta kawo shaida. Ta taka har Damare neman maginin da ya taya Hamman, aka ce ya shiga soja. Maƙwabta kuwa, masu shan kununta kullum, kowa ya ce ranar alkawarin ba ya gari.

Sai ta ɗauka Bappayo ke turo masu jifa. Baiwar Allah, ta riƙa tsince duwatsun tana tarawa a ƙwarya ƙarƙashin gado, wai ta nuna wa alƙali. Abin da aka jefo da magariba kuwa ba a shigar da shi ɗaki.

Rana ta huɗu ’yarta Ruƙayyatu ta faɗi bakin murhu. Ta daina ci, ta daina gane uwarta.

Wani malami, Modibbo Ɗanburam, ya zo daga Yola bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da wata murya mai kauri.

"Ni ne aljanin gindin katanga. Jifa na yi Asta ta san akwai mai shaida, ita ta shigo da ni ɗaki tare da duwatsun. Ina wurin aka yi alkawarin."

Sai muryar ta juye ta zama ta Hamman, har da ɗan tarinsa: "Bappa, ko bayan raina, Asta ba za ta tashi ba ko?"

Asta ta durƙushe. Wata goma sha ɗaya ba ta ji muryar nan ba.

"Ku bar ni a jikinta zuwa Litinin," in ji aljanin, "in faɗa gaban alƙali."

"Yarinya ba za ta kai Litinin ba," Modibbo ya ce a hankali. "Asta, ke za ki zaɓa."

Ta dubi leɓen ’yarta da suka bushe.

"Maimaita mini maganarsa sau ɗaya. Sannan ka tafi."

Ya maimaita. Ruƙayyatu ta yi atishawa uku, ta dubi uwarta ta ce, "Dada, ruwa."

Ranar Litinin alƙali ya ce, "Ina shaidarki?"

Asta ta riƙe hannun ’yarta gam.

"Allah ya gafarta Malam, na sallame shi."